Amanar Ya Fanna

Har aka kira sallar la'asar babu wanda ya yi sallama a ƙofar gidan Inna Kande.

Tun da aka sauko daga masallacin Juma'a Kawu yake zaune a zaure, shi da dattawa biyu da ya taso tun daga Katagum, suna jiran dangin Umara da suka ce yau za su zo neman auren Khaulat. An shimfiɗa sabuwar darduma, an dama fura ta sha nono da ƙanƙara. Ƙanƙarar ta narke, furar ta tsinke, dattawan suka cinye hirar damina da ta tsadar taki, suka koma kallon ƙofa.

Khaulat tana ɗaki cikin atamfar da ta ɗinka musamman saboda ranar. Ta kira lambar Umara har yatsanta ya gaji. Wayar tana shiga, ba a ɗagawa.

Sai ga Kawu ya faɗo tsakar gida yana saɓa babbar riga. Yayan Inna Kande ne, mahaifiyar yarinyar, kuma tun rasuwar mahaifin Khaulat maganarsa ce magana a gidan.

“Kande! Ni za a shanya a zaure kamar wanki?”

“Yaya, ka yi haƙuri, wataƙila wani uzuri ne ya tsare su.”

“Uzuri? Wayoyin hannunsu na ado ne? Tun farko na faɗa miki mutanen nan ba mu san tushensu ba. Rana ɗaya muka wayi gari muka gan su a Azare da ƙullin kaya. Kika ce yarinya na so. Shi yaron waƙa yake rubutawa, ita kuma tatsuniya a waya. To waƙa ta auri tatsuniya, me za a ɗora a murhu?”

A da in Kawu ya tashi tsokanar Barebari, dangin su Umara, da dariya yake yi, irin wasan da ke tsakaninsu da Fulani irinsa. Yau babu ko alamar wasa a fuskarsa.

“Ga Uzairu nan, ɗan'uwanta, da sana'arsa da gidansa, ya daɗe yana jira. Dole dai ba zan yi mata ba. Amma ki gaya mata, ni na gama zaman zaure saboda mutanen nan.”

Khaulat tana jin komai ta bayan labule. Ba ta iya fitowa ko sallama ta yi masa ba, har ƙarar motarsu ta ɓace.

Ba a jima ba aka ɗaga labulen. Mas'uda ce, ƙawarta tun ta firamare, ta lulluɓe da dogon hijabi, ƙamshin turare yana binta. Amaryar da ake gyarawa ba ta yawo, ita kuwa bikinta ya matso. Khaulat ta ajiye wayar ta dube ta.

“Mas'uda, lafiya? Ba kina wajen Mama ana yi miki dilka ba?”

Maman da take nufi Ya Fanna ce, mahaifiyar Umara. Kaf unguwarsu babu mai hannunta a gyaran amare da haɗa turaren wuta.

Mas'uda ta zauna a bakin gado ta kama hannunta.

“Khaulat, ni ce na ja miki, wallahi ban sani ba. Jiya da hantsi muna ɗakin Ya Fanna mu huɗu, zaman ya ishe mu, sai na kunna mana littafinki a waya. Wanda yarinyar nan take karantawa da murya.”

Khaulat ta zare hannunta daga na Mas'uda.

“Wane shafi?”

“Na motar nan. Inda uwar ta miƙa 'yarta.”

Shekara uku ke nan Khaulat tana rubuta labarai a waya. Kullum da yamma sai ta saki shafi a guruf-guruf ɗin mata, su kuma su yi ta sharhi, wata ta yaba, wata ta yi barazanar fita in ba a hukunta mugun cikin labarin ba. Akwai wata mai daɗin murya da ta taɓa neman izinin karanta littattafanta a faifai domin waɗanda ba sa karatun boko. Khaulat ta amince tun tuni, har ta manta da zancen.

A ƙarshen bazarar nan Ya Fanna ta kwanta zazzaɓi. Khaulat ta je duba ta, ruwa ya tsare ta a can, ta zauna tana matsa mata ƙafa. Ko zafin ciwo ne, ko daɗin hannun yarinyar, tsohuwa ta buɗe bakin da ta rufe fiye da shekara goma.

Ranar da garinsu ya watse a can Borno, ta iso bakin hanya da autarta Ya Gana, 'yar shekara shida. Wata babbar mota ce ta tsaya, cike maƙil da mutane. Ta ɗaga yarinyar ta miƙa wa wata mata da ba ta sani ba, ta juya ta ɗauko ƙullin itacen turarenta da ta ajiye a ƙasa. Kafin ta ɗago motar ta tashi.

Ta bi gari gari tana cigiya, babu labari. Da ta haɗu da mijinta da Umara, wanda yake makarantar kwana a lokacin, bakinta ya kasa faɗar cewa saboda ƙulli ta saki hannun 'yarta. Sai ta ce zazzaɓi ya kashe Ya Gana a hanya, mutanen wani ƙauye sun yi mata sutura. Da wannan zancen mijin ya koma ga Allah.

“Ko Umara bai sani ba,” in ji ta ranar. “Ke ma don na ga kin zama 'yata ne.”

Khaulat ta yi kuka, ta yi alkawari, kuma har ga Allah da gaske take. Sai dai kunnen marubuci ba ya riƙe ajiya, abin da ya shiga sai ya yi ta neman hanyar fita. Da damina ta yi nisa labarinta ya yi sanyi, masu karatu suka fara guna-guni, wasu suka fita daga guruf. Ta yi kwanaki tana kallon waya babu abin rubutawa, ga labarin Ya Fanna yana ci mata rai.

Sai ta lallashi kanta. Za ta canza suna, ta canza gari. Ya Fanna ba ta karatun boko. Umara kuma ko da wasa ba ya buɗe littattafanta, littafin 'yan mata yake ce musu yana dariya. Wa zai gane?

Ta canza sunan, ta canza garin. Amma ta bar motar da ƙullin turaren, ta bar tabon kasko a wuyan hannun yarinyar na hagu, har waƙar Barbarcin da uwar take yi wa 'yarta in za ta yi barci sai da ta saka. Shafin ya tashi kan jama'a, waɗanda suka fita suka dawo.

“Muna ji muna tsine wa matar cikin labarin,” in ji Mas'uda da hawaye. “Da aka zo kan waƙar sai kaskon ya suɓuce daga hannun Ya Fanna. Ta dinga cewa Ya Gana, Ya Gana, ni ce na sake ki. Umara yana tsakar gida, ya shigo da gudu. A gabanmu ya ji komai.”

Khaulat ta zame daga kan gadon ta zauna a ƙasa. Inna Kande tana tsaye a bakin ƙofa, ashe duk ta ji. Ba ta yi faɗa ba, ta dai dubi 'yarta ta ce, “Ni na haife ki, Khaulat?” Ta juya ta fita.

Da ma ta zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Washegari Asabar ce, ranar da marubutan gari suke haɗuwa a ƙarƙashin wata darbejiya a harabar wata makarantar firamare. Taro ne na kowa da irin nasa. Akwai Malam Bahauddeen mai waƙoƙin Fulatanci, akwai masu rubuta Turanci, akwai 'yan wasan kwaikwayo, ga Umara da yake rubuta waƙa da Barbarci sannan ya juyo ta Hausa. A nan shi da Khaulat suka fara ganin juna. Yau kuwa Khaulat ta tsaya daga nesa ta ja mayafi har goshi, tana jin kamar kowa ya san abin da ta aikata.

Malam Bahauddeen ya hango ta. Ya dubi Umara da ke zaune a ƙarshen benci, sai ya tashi taron da wuri ya kaɗa sauran suka tafi.

Ta matso a hankali. Kwana biyu kacal, amma Umara ya faɗa.

“Umara, don girman Allah…”

“Tsaya tukuna. Tambaya ɗaya zan yi miki. Watan jiya na tsaya a nan na karanta waƙar ta'aziyyar Ya Gana. Ranar kin riga kin sani?”

Ta sunkuyar da kai. “Na sani.”

“Kika yi kuka. Na gan ki, har mayafinki ya jiƙe. Na koma gida ina gode wa Allah ya ba ni mai jin ciwona. Ashe kina zaune kina kallona ina yi wa kabarin da babu shi kuka.”

“Amana aka ba ni, Umara. Ba zan iya faɗa maka ba.”

Ya yi wata dariya mara daɗin ji.

“Amana. Ni yayanta ba ki iya faɗa mini ba, amma kin iya faɗa wa duniya.”

Hawaye kawai ke sauka, ba ta ko share su.

“Kin san me aka san ni da shi a garin nan? Waƙoƙin Ya Gana. Su ake gayyata ta in karanta, su ake tafa mini. Shekara da shekaru ina yi mata addu'ar matattu, alhali wataƙila tana can wani gida tana wanke-wanke, tana jiran yayanta ya zo nemanta. Da na sani da ƙafata zan yi ta yawo, ba da alƙalami ba.”

“Zan goge shi. Yau ɗin nan zan goge littafin gaba ɗaya, in daina rubutu har abada.”

“Ki goge daga ina? Daga wayar matan Azare? Magana zarar bunu ce, Khaulat, ke kika fi ni sani. Jiya a bakin famfo ana nuna gidanmu, ana cewa nan ne gidan matar da ta zaɓi ƙulli ta bar 'yarta.”

Ta durƙushe a kan yashi. “Ka ce mini wani abu in yi. Ko mene ne.”

“Mahaifiyata ba ta ci abinci ba tun shekaranjiya. Ba ta iya kallona, ni ma ba na iya kallonta. Goron da aka saya domin zuwa gidanku, ita da bakinta ta ce a raba wa maƙwabta.” Ya kau da kai. “Abin da ya fi ba ni haushi, na kwana ina neman tsanarki a zuciyata na rasa. Ina sonki kamar yadda nake sonki ranar Laraba. Amma ta ina zan shigar da ke gidan nan?”

Ya ɗauki hularsa ya tafi, bai waiwayo ba.

Ranar Lahadi da safe sai ga Uzairu ɗan Kawu, ya sauke kwandon busasshen kifi a tsakar gida, wai saƙon Kawu ne. Kowa dai ya san saƙon wa. Taubashinta ne, bakinsa ba ya shiru in ya gan ta.

“Malama marubuciya, a fito a gaisa mana. Ki kwantar da hankalinki, ni ba ni da wani sirri da za ki rubuta. Daga ni sai kifi.”

Da wasa ya faɗa, amma ashe zancen har ya kai Katagum. Da ya ga yadda fuskarta ta koma sai ya sosa ƙeya.

“Yi haƙuri, Khaulat, bakina ne. Ni dai ina nan. A wajena ba ki yi abin da ba a yafewa ba.”

Kirkin nasa ma ƙara mata kunya ya yi. Yana fita Inna Kande ta miƙo mata hijabi.

“Tashi ki je gidan Ya Fanna. Ba don aure ba, wannan na Allah ne. Ki je ki durƙusa wa baiwar Allahn nan, in ta kore ki ki dawo.”

Gidan Ya Fanna da ake jin ƙamshinsa tun daga bakin layi, yau babu hayaƙi ko kaɗan. Khaulat ta yi sallama sau biyu kafin a amsa. Ta tarar da ita zaune a kan tabarma ta jingina da bango, kaskon turare a gefe, tokarsa ta huce.

Daga bakin ƙofa ta zube a kan gwiwoyinta.

“Mama…”

“Na san abin da ya kawo ki. Matso, ba na son ɗaga murya.”

Ta ja gwiwa ta matsa, kanta a ƙasa.

“Me na yi miki, 'yar nan?”

“Babu komai, Mama. Alheri kawai.”

“Hannuna yana jikin yaran nan ina murza musu dilka, suna cewa wace irin uwa ce wannan, Allah ya isa. A ɗakina. Ni kuma ina jin muryar wata da ban sani ba tana faɗar abin da ko mijina ban faɗa wa ba.”

“Na ci amanarki, Mama. Ba ni da abin cewa. Na ɗauka ba za ki taɓa ji ba.”

“Au, don ba na karatu?”

Khaulat ta kifa fuskarta a tabarma tana kuka. Ya Fanna ta bar ta sai da ta yi mai isarta.

“A labarin naki, an ga yarinyar?”

“Ban kai wurin ba tukuna.”

“Amma me kika shirya mata?”

“Na shirya a gan ta, Mama. Ta dawo wajen uwarta.”

“Ku da sauƙi,” in ji Ya Fanna. Ta dubi kaskon. “Mas'uda ta ce mutane da yawa ke jin abin nan.”

“Da yawa, Mama.”

“Iya Azare?”

“A'a. Ana turo mini saƙo daga Damaturu da Maiduguri. Har Nijar da Kamaru da Chadi akwai masu bi.”

“Har Chadi,” Ya Fanna ta maimaita a hankali.

Ta dafa bango ta miƙe. Daga bayan kwanukan jere ta ciro wata babbar kwalba da aka ɗaure bakinta da tsumma, cike da turaren wuta, ya jiƙu har ya yi baƙi. Ta dawo ta ajiye a gaban Khaulat.

“Tun ranar da Umara ya ce mini ke yake so na jiƙa wannan. Ban taɓa haɗa wa wata amarya irinsa ba. Ɗauki, naki ne.”

Khaulat ta ɗago da sauri. Ta rungume kwalbar a ƙirji.

“Na yafe miki, don ni ma akwai wadda nake so ta yafe mini. Amma ba a gidan nan za ki ƙona shi ba. Ba zan iya tashi kullum in haɗa ido da ke ba, ke ma ba za ki iya ba.”

“Mama, don Allah…”

“Na gama wannan maganar. Ina wayar taki?”

Khaulat ta ciro ta.

“Sunan ƙaryar da kika sa mata ki cire. Ki sa Ya Gana, 'yar Fanna mai turare. Ki faɗi tabon, ki faɗi motar, ki faɗi ƙullin ma, me ya rage da zan ɓoye? Ki ce uwarta tana Azare.” Ta gyara zama ta share fuska da gefen zane. “Waƙar kuma, yarinyar nan karanta ta kawai take yi kamar sanarwa. In Ya Gana ta ji ta a haka ba za ta gane ba. Ina ake dannawa a ɗauki murya?”

Khaulat ta danna, ta miƙa wayar kusa da bakinta.

Ya Fanna ta fara rerawa da dasasshiyar murya, 'yar waƙa ce gajeriya ta lallashin yaro. A tsakar gida aka ji faɗuwar buta. Umara ne ya dawo, ya tsaya a bakin labule. Rabonsa da jin waƙar nan a bakin mahaifiyarsa tun suna can gida. Ya sulale ya zauna a dokin ƙofa ya rufe fuska da hularsa.

Khaulat ba ta iya duban inda yake ba. Hannu ɗaya yana rungume da turaren auren da ba za a yi ba, ɗayan yana riƙe da wayar, kuka ya ci ƙarfinta har wayar ta fara zamewa daga yatsunta.

Ya Fanna ta katse waƙar. Ta kama wuyan hannun Khaulat ta ɗago shi daidai bakinta.

“Riƙe da kyau, 'yar nan. Kada ki saki.”

Ta sake ɗauko waƙar daga farko.